Tukwanen Tazargade na Bayan Tanki

Ranar da na kusa sa a kori Sande, abokin aikina da Hausa ba ta zauna masa ba, ba za ta fita daga raina ba. Lokacin farar hula sun karɓi mulki, gini ko'ina a Abuja, ni kuma ina leburan ban ruwa a wani lambun bincike a hanyar Ushafa. Ban yi boko ba. Aikina tiyo da bokiti.

Shugabarmu Dakta Asabe ce. Tazargade take shukawa a tukwane, layi biyu. Masu jan fenti an zuba musu wata fumfuna mai amfani da ke manne wa saiwa, tana jawo wa tsiro ruwa da abinci. Masu shuɗin fenti kuwa ƙasa ce zalla, Sande ke gasa ta a ganga don kada komai ya rayu a ciki. Duk mako a fesa musu wani ruwa da ke sa tsiro ya zaci tsutsa na cin sa, sai ya ƙara ɗaci. Ɗacin shi ne maganin, Dakta kuma so take ta ga ko fumfunar na ƙara shi. Wato manyan masu ilimi sun taru suna tsorata ganye. Na daɗe ina dariyar wannan.

Shuɗayen suka tsumbure. A garinmu in gefen gona ya rame, ƙasa ake ɗebo masa daga gefen da ya yi kyau. Na bi su da ƙasa tafi ɗai-ɗai daga jajayen, ban gaya wa kowa ba. Suka murmure suka yi shar. In na wuce har kirari nake musu.

Da aka gwada ganyen, Dakta ta fito fuska a murtuke, ta kira Sande.

"Ja da shuɗi duk ɗaci ɗaya. Ba ka gasa ƙasar nan ba. Ajiye makullin sito ka tafi."

"Oga madam, wallahi ni ya gasa shi. Har gira na ya ƙone."

Na yar da tiyo. "Dakta, ni ne na ƙara musu ƙasa. Tausayi suka ba ni."

"Tausayi, Malam Ɗanjuma? Da gangan na bar su haka, da su nake auna jajayen. Duka ka zuba wa?"

"Ban da na bayan tanki."

"Me ya hana ka?"

"Gidan rina."

Ashe mai tsinkar ganyen gwaji ma bai taɓa leƙa can ba. Dakta ta kwasa da gudu, takalmi ɗaya ya cire. Ga su nan a tsumbure, yadda take so. Ta zauna a kan bulo tana dariya har da hawaye. Ta ce ma'auninta na nan, kuma na nuna mata fumfunar na kama tsiro ko bayan ya girma.

Sande ya ɗaga ni cak. "Malam, kai ya kashe ni, kai ya tashe ni." Rina ta harbe shi a kunne, bai fasa rawa ba.

Takardar gargaɗi dai na samu. Sande ne ya karanta mini, yana kwaikwayon muryar Dakta.

Ku sababbin ma'aikata, ga abin da na koya. A lambun bincike ba kowane ramammen tsiro ke neman taimako ba, wani ramar ce aikinsa. Kada ka taɓa tukunya sai ka tambayi mai ita. In kuma ka riga ka taɓa, buɗe baki kafin a karɓe makullin wani.