Zuciyar Tani Mai Ƙuli-ƙuli

Duk Rogo Ruma an san Tani mai ƙuli-ƙuli. Shekara talatin tana matsar man gyaɗa tana tuya, ran kasuwar Karaye ta hau babur da kayanta. Da wannan sana'a ta kai ɗanta Hafizu har jami'a a Kano. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, kunya ta hana. "Wannan yaron" take cewa, in ya shigo ɗaki ta kau da kai.

Aikin Hafizu kuwa zuciya ne. Likitoci su ɗauki hoton zuciyar majiyyaci, shi ya gina irinta a kwamfuta, ya saki jini a ciki, ya ga inda yake gudu da inda yake komawa baya. Zukata sun fi ɗari biyu da ya duba, duk na baƙi.

Ashe shekara biyu ƙafafun Tani na kumbura, barci ma sai a jingine. Ƙanwarsa Barira ta sani, maƙwabta sun sani, har mai kemis ya sani. Shi kaɗai aka ɓoye wa, ga ƙoshi ga kwanan yunwa! In ya zo gaisuwa ta ja zane ta rufe ƙafa, ta ce lafiya lau.

Ran da Tani ta faɗi a bakin murhu, Barira ta buga masa waya. Ya iso yana huci.

"Barira, kashe ta za ku yi ina raye? Wannan fa shi ne aikina!"

"Yaya, ita ta hana. Ta ce ba a kai wa ɗan fari maganar jiki."

Haushi ya turnuƙe shi, na uwarsa da nasu, har da nasa. Shi ma ai da idonsa, amma tun yana yaro aka koya masa sunkuyar da kai a gabanta.

A asibiti a Kano ma Tani ta kafe: a ɗauki hoton, amma kada wannan yaron ya shigo. Bayan kwana uku hoton ya iso kwamfutarsa, an cire suna kamar yadda aka saba, sai lamba: mace, shekara hamsin da biyu. Ya san ita ce. Ya gina zuciyar, ya saki jinin. Wata ƙofa a ciki ba ta rufuwa, kusan rabin jinin baya yake komawa, tsokar duk ta saki. Likita ya leƙa ya ce da bara aka kawo ta, da an yi mata aiki.

Hafizu ya nufi ɗakin da aka kwantar da ita, ya tsaya a kanta.

"Inna, ni ne Hafizu. Don Allah ki dube ni."

Ta juya fuska bango, ta ja zane ta rufe ƙafa.