Gicciyen Ganye Da Na Ƙi Rabuwa Da Shi

Ko da zan tsufa har in mance sunayen jikokina, akwai wani azumin kwana arba'in da ba zai taɓa fita daga raina ba. A cikinsa na gane cewa bakina ya fi hannuna ɓarna.

Muna zaune a unguwar Rikoto lokacin. Kusa da gidanmu akwai wata tsohuwa, matar wani soja da ya rasu, tana toya masa a bakin hanya. Mama kowa yake ce mata. 'Yata ta fari ta shaƙu da ita ƙwarai, kullum sai ta tsaya ta karɓi masa biyu kafin ta wuce makaranta. A zafin wata shekara, bayan Ista da kwana kaɗan, yarinyar ta kwanta, kwana uku Allah ya ɗauke ta. Likita ya faɗa mini da bakinsa cewa sanƙarau ne, na kuma ji da kunnena. Amma a wurin zaman makoki, mata sun cika tsakar gida, sai na buɗe baki na ce, "Tun da ta ci masar tsohuwar nan ba ta sake tashi ba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma ya isa. Kafin mako ya zagayo an gama laƙaba wa Mama maita. Masu saye suka janye, masarta ta riƙa hucewa a cikin roba. A coci kuwa bencin da take zama ya koma nata ita kaɗai. Ina gani, na san ƙarya ce, na yi gum. Gaskiya fushi nake yi da Allah, da na rasa yadda zan kama shi sai na kama tsohuwa. Daga baya na daina zuwa coci gaba ɗaya, ina ce wa mutane ƙafa ke damuna. Ƙafar da take kai ni kasuwa ta dawo da ni lafiya lau!

A cocinmu, idan azumi ya matso, akan bi gida-gida a tattara busassun ganyen dabinon da aka riƙe ranar Lahadin Dabino, a ƙona su, tokar ce ake shafa wa goshi ranar Larabar Toka. Mama ce take wannan zagaye shekara da shekaru, kuma ba ta fasa ba, ko da yake wasu daga nesa suke jefa mata ganyen cikin kwando. Ni ma ina da nawa, ɗan gicciyen da 'yata ta saƙa da hannunta kafin ta rasu. Shekara biyu yana rataye a saman ƙofar ɗakina, ko mijina bai isa ya taɓa shi ba.

Ranar Litinin, saura kwana biyu Larabar Toka, da hantsi ina tankaɗe, sai na ji sallama. Mama ce da kwandonta.

"Ɗiyata, ganyen toka na zo karɓa," in ji ta. Ta ɗaga kai ta ga gicciyen, ta daɗe tana kallonsa. "Wanga kam bar shi. Ni na koya mata saƙa shi, na san mi yake gare ki. Na biyo ne dai in yi maki bankwana, in an gama Ista zan koma wajen dangina a Dabai. Zama nan ya ƙi."

Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na sami sauƙi. Na hau turmi na ciro gicciyen, na sa mata a hannu, ba a kwando ba. Kuka ya ƙwace mini, na ce, "Mama, na yi miki ƙarya."

"Na sani," ta ce. "Allah ma ya sani. Mutane ne ba su sani ba."

Laraba na je coci, ƙafa ta warke ba magani. Da Fada, limamin cocinmu, ya shafa mini tokar, na san akwai aikin hannun 'yata a ciki, sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Na je na furta zunubina, Fada ya ce Allah ya gafarta, amma sunan da na ɓata yana jirana. Ranar taron zumuntar mata na miƙe, na faɗi abin da likita ya gaya mini, na faɗi abin da ni na ƙirƙira. Wasu suka sunkuyar da kai, wata ta ja tsaki, ban ga laifinta ba. Na tafi na zauna a bencin Mama.

Ba a rana ɗaya aka wanke ta ba. Duk sauran azumin, kowace safiya nakan zauna kusa da tandarta ina zuba mata ƙullu, don kowa ya gani. Ranar Ista na ci masarta a bakin hanya har na ƙoshi. Mama ba ta koma Dabai ba.

Abin da na koya shi ne, tokar goshi kafin yamma ta goge. Wanda ya yi zunubi a gaban jama'a, a gaban jama'ar zai je ya gyara, kuma Allahn da na yi shekara biyu ina gudu, a ƙofar ɗakina ya same ni.