Buhunan Yashin Baba Issaka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina dama kunu waya ta yi ƙara. Maƙwabciyata ce, Hajiya Mairo. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Maman Rabi, Baba Issaka ya rasu. Motarsa ta juya a kan gada, hanyar McLeansville."

Na zauna a ƙasan kicin. Har yanzu kunun yana inda na bar shi.

'Yan gida da kuke ta kira don kun ji an yi ƙanƙara a nan: maigidana Malam lafiya lau, sai gwiwar nan tasa. Jikata Ummi mura ce kawai. 'Yata Rabi lafiyarta ƙalau, tana ɗaki ta ƙi yi mini magana, don na karɓe makullin motarta. Ni ce ba lafiya.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Issaka bakanike ne, ɗan zangon Kumasi. Dattijo siriri mai hular ulu. Garejinsa yana bayan gidansa can McLeansville. Duk Bahaushen garin nan da ke da tsohuwar mota ya san hanyar gidan.

Motata tsohuwa ce, mai ja da tayoyin baya. Yanzu Rabi ke hawanta. Tana kula da wata tsohuwa a unguwar Irving Park, ƙarfe shida na safe take fita, kafin rana ta narkar da komai. Tun da sanyi ya shigo ba ni da wani tunani sai wannan fitar.

Lokacin sanyin shekarar da na fara tuƙi, na taka totur a wata danja kan titin Gate City, sai na ga motar ta juya tana kallon inda na fito. Da kuka na isa wajen Baba. Ya bar ni na gama, ya ba ni shayi, sannan ya buɗe but ɗin bayan motar.

"Kin gani? Inji yana gaba, ƙarfi yana baya, bayan kuma wayam. Tayar da ke tura ki ba abin da ya danne ta. Me zai hana ta rawa?"

Ya kawo buhun yashi huɗu. Bai jefa su kawai ba. Ya tura su can ciki, daidai saman tayoyin baya, ya ɗaure da igiya. Ya ce in suka zame zuwa jelar mota, su da kansu za su wulwula ni.

Lokacin ban daɗe da shiga ajin manya ba, karatuna da ƙyar. Ya lura. Ya ɗauko kwali ya rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa: BATIR. RUWAN LAGIRETO NA SANYI. WAIFA. TAYA. YASHI. Ya ce in karanta masa. Na yi ta haɗawa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana goge sifana kamar ba ya saurare. Da na kai ƙarshe ya ce, "To, kin zama ƙaramar bakanikiya."

Duk Nuwamba haka ake layi a gidansa. Ya kwanta ƙarƙashin motocinmu a kan siminti mai sanyi, mu kuma muna zaune cikin falonsa matarsa Anti Fati tana kawo mana koko. Amma a wajen walima, wa ya taɓa tashi ya ba shi kujerar gaba? "Baba makaniki, ka ɗan leƙa mini wani ƙara da nake ji." Da farantinsa a hannu ake jan shi waje. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba. Ni ma na taɓa yi.

Ga abin da ke cin raina.

Da Babbar Sallah, Malam ya ɗauki motar zuwa gonar da muke yanka. Raguna biyu, namu da na abokinsa, ga kuloli. But ya ƙi ɗauka. Sai ya kwance igiyar, ya sauke buhunan a gindin shinge. Da ya dawo na tambaye shi. Ya ce, "Ana wannan zafin wa yake yawo da yashi? Gini za ki yi? Zan koma in ɗauko."

Na tuna masa a Satumba. Na tuna masa a Oktoba. Gobe, gobe.

Ranar Asabar da aka sanar ƙanƙara na tafe, na zaga shaguna uku. Yashi ya ƙare, gishirin narkar da ƙanƙara ya ƙare, har burodi. Na wuce gidan Baba, na tarar da motoci sun cika tsakar gidan. Sai bayan la'asar ya zo kan tamu. Ya gwada batir, ya duba ruwa, ya canza waifa ɗaya. Ya buɗe but, ya tsaya.

"Maman Rabi, ina yashina?"

"Baba, rago ya cinye."

Ya yi dariya har da tari. "Ragunan Kanawa ke nan. Namu na Kumasi ɓawon rogo ya ishe su."

"Ai naku ba raguna ba ne, Baba, maguna ne masu ƙaho."

"Za ki maimaita a gaban Fati."

Sai ya juya ya nufi tasa motar. Ita ma mai jan baya ce, ta ma girmi tawa. Ya fara ciro buhunansa ɗaya bayan ɗaya, yana nishi.

Na ce, "Baba, kai fa?"

Ya ce, "Ni da motar nan mun san halin juna. Yarinya ce ba ta sani ba."

Sau ɗaya na tambaya. Sau ɗaya tak. Ban ce a raba biyu-biyu ba. Ban ce bari Malam ya je gona ya ɗauko namu ba. Gaskiyar da zan faɗa a gaban Allah, daɗi na ji. Na ce Allah ya saka da alheri, har na kama masa bakin buhu.

Da ya gama ɗaurewa ya durƙusa ya shafa tayoyin da babban yatsa. Ya girgiza kai. "Waɗannan sun zama tafin hannu. Yashi ba zai yi aikin taya ba. Na samo mata na sanyi guda huɗu, suna ciki. Huɗu, ba biyu ba. In kin sa na baya kaɗai, gaba ba zai ji sitiyari ba. Yau duhu ya yi, ki kawo ta Talata. Kafin nan ki ce wa Rabi kakra-kakra." Haka yake cewa a hankali da yaren can. "Kada ta taka birki a kan gada. Gada ce ke fara daskarewa."

Shi ya faɗa. Da bakinsa.

Yau Litinin, Rabi ta fita ƙarfe shida, ta isa lafiya, ta turo mini saƙo. A daidai wannan lokacin wani ya kira Baba, wai motarsa ta ƙi tashi a Gate City kuma zai makara aiki. Baba ya idar da asuba, ya ɗauki wayoyin batir, ya fita da but wayam.

Kai da ka kira, ba zan faɗi sunanka ba. Tun Oktoba ya ce ka canza batirin nan, a gabana. Amma da wane baki zan zage ka? Yashinsa yana bayan motata.

Na san ajali ne. Yau an gaya mini ya fi sau goma. Malam ma ya ce kwana ne ya ƙare. Na ce, "Na yarda. Buhunan fa?" Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci.

Da Rabi ta dawo da rana na tare ta a bakin ƙofa na karɓi makullin.

"Mama, please. Juma'a ina da aiki. In ban je ba za su nemi wata."

"Su nema."

"Kin san wahalar da na sha kafin na samu wurin nan? Ummi fa, me za ta ci?"

"An ce daren Alhamis wata ƙanƙarar za ta sauka. Da tayoyin nan ba inda za ki."

"To wa zai sa mini? Baba ya mutu!"

Ta faɗa, ta toshe bakinta da hannu. Shekara da shekaru muna garin nan, da masu digiri da masu manyan motoci, ba wanda ya taɓa tsayawa kusa da dattijon nan ya koyi ko ɗaure buhu. Mun iya kawo mota mu zauna a falo.

Ɗazu bayan magariba Anti Fati ta kira ni. Matar da gawar mijinta ke asibiti, ba a ba su ba tukuna. Na ɗauka za ta tambaye ni yashin. Da ta tambaya da na ji sauƙi. Sai ta ce, "Maman Rabi, akwai tayoyi huɗu a gareji, ya rubuta sunan Rabi da alli. Ku zo ku ɗauka kafin mutane su cika gidan."



Allah ya jiƙan Baba Issaka. Allah ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya sa sanyin da ya sha a ƙarƙashin motocinmu ya zama sanyin rahama a gare shi. Allah ya ba Anti Fati da 'ya'yansa haƙuri. Allah ya yafe mini. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a da bakinsa, ba danna hoton hannu kawai ba. Lokacin jana'iza za a sanar a masallaci.

Sannan ina da roƙo, kuma ina jin kunyarsa. Ba a binne mutum ba ina maganar taya. Amma uwa ce ni. A cikinku duk da kuka sha kokon gidan nan, ko akwai mutum ɗaya mai jak da ya iya sa taya huɗu ya duba iska? Ya amsa mini a nan kafin azahar ɗin Alhamis. Makullin yana ɗaure a bakin zanena, kuma ba zan kwance shi ba sai na ga tayoyin a jikin motar.