Takardar Da Na Aika Wa Shugaban Amurka

Ina tuƙi a Riyad aka gano 'yata tana da huji a zuciya. A wani kamfanin gine-gine nake aiki, an haɗa ni da wani injiniya Ba'amurke, in kai shi wurin aiki, in dawo da shi gida, in kai matarsa cefane. Kwana kuma a unguwar Al-Ud nake yi, kusa da wata tsohuwar maƙabarta, ɗaki ɗaya da wasu 'yan Najeriya.

Matata ce ta kira ni daga Funtuwa wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

"Malam, yarinyar nan fa abin ya wuce zazzaɓi. Daga ɗaki zuwa zaure sai ta tsuguna tana haki. Leɓenta ya yi baƙi. Mun je Kano, likita ya ce aiki za a yi mata, kuma sai an fita da ita waje."

Shekararta bakwai a lokacin. Rabona da ita tun tana famfara.

Na fara da manajan kamfaninmu. Ya saurare ni da kyau, har ya sa aka kawo mini shayi, sannan ya ce ikamata, wato takardar zama, ta direba ce, ba ta ba ni damar kawo iyali ba. Ga manyan asibitoci ina wuce su kullum da mota, an ce irin wannan aikin ba komai ba ne a wurinsu, amma ba hanyar da 'yata za ta taka ƙofarsu. Na bi duk wanda aka ce mini ya san wani. Kowa ya ce Allah ya sawwaƙe, da zuciya ɗaya kuma suke faɗa, amma nan maganar take tsayawa.

Wata rana ina shigar da katan ɗin ruwa falon injiniya, idona ya faɗa kan wata takarda da aka sa a gilashi, kusa da hoton jaririnsu, da hatimi mai ruwan zinare a samanta. Na tambayi Madam, matarsa. Ta yi dariya ta ce daga fadar shugaban ƙasarsu aka aiko, barka ce ta haihuwar ɗansu. Ta ƙara da cewa ai mutane suna rubuta masa, an ce ma yakan zauna ya karanta wasu da kansa, har ya ba da amsa.

Na fito na zauna a mota, na kasa tayar da ita. Shugaban ƙasa guda yana aika wa jariri takarda!

Daga ranar na shiga neman hotunansa a waya. Ba na taro ko na jawabi ba, na iyalinsa. Ga shi yana saukowa daga jirgi riƙe da hannun 'yarsa. Ga shi ya sunkuya yana sauraron ƙaramar tana yi masa raɗa. Na ce a raina, mutumin da ke kallon 'ya'yansa mata haka, in ya ji labarin tawa ba zai iya barci ba.

Akwai wani dattijo Basakkwace a ɗakinmu, gadi yake yi. Da na gaya masa niyyata ta rubuta wa shugaban takarda, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Kai ɗan nan, manyanmu na gida ba su karanta takardarka ba, sai na Amurka?"

"Baba, to ina zan nufa?"

"Rubuta," ya ce. "Ni kuma zan sa ta a addu'a."

A mota na rubuta, da tsakar rana, a wurin da ake ginin, ina jiran injiniya. Zufa tana ɗiga a kan takardar. Na taɓa koyarwa a firamare kafin in zo Saudiyya, ina da Turancina daidai gwargwado, amma ranar ya gudu ya bar ni. Na rasa ma yadda zan gaishe shi, don ban san yadda ake cewa ranka ya daɗe da harshensu ba. Daga ƙarshe na bar zancen shugabanci, na rubuta masa a matsayin uban 'ya'ya mata. Na gaya masa tana da wata kaza tata ta kanta da ba ta yarda a yanka. Na gaya masa in tana karatun allo takan tsaya a tsakiyar aya don ta ja numfashi, malaminsu ya daɗe yana zaton mantuwa ce. Ban roƙi komai don kaina ba. Na ce a sa ta a jirgi, a yi mata aiki, a mayar wa uwarta da ita.

Wani ɗan Bangaladash mai shagon buga takardu a unguwar Suwaidi ya buga mini ita a kwamfuta. Yana bugawa yana karantawa, da ya gama ya dafa kafaɗata.

A hanyar komawa gida na miƙa wa injiniya. Ya karanta a kujerar baya, ina satar kallonsa ta madubi. Sai da danja ta tsayar da mu ya yi magana.

"Ka san takardar da ka gani a falona, duk wanda ya nema ana aiko masa? Ba shi ya zauna ya rubuta mana ba."

Na ce, "Amma Madam ta ce yana karanta wasu."

"Yana karantawa. 'Yan kaɗan, daga cikin tuli."

"To Oga, a jefa tawa cikin tulin."

Ya naɗe ta ya sa a aljihun rigarsa. Da ya tafi hutu ƙasarsu ya sa ta a gidan waya da hannunsa, ya turo mini hoton ambulan ɗin.

Akwatin gidan wayar kamfani na sa a matsayin adireshina. Kullum da safe sai na leƙa ofis, har magatakardan ya riƙa girgiza kai tun daga nesa yana cewa, "Ma fi, sadik," wato babu, aboki. Matata ta gaya wa yarinyar don ta kwantar mata da hankali, sai ya zama duk kiran da na yi, da shi take farawa.

"Baba, Sarkin Amurka ya amsa?"

"Bai amsa ba tukuna, Mamana. Aiki ya yi masa yawa."

"Ka ce masa ina gaishe da 'ya'yansa."

Ita kuwa Madam, ashe mijinta ya nuna mata takardar. Ta karɓi duk sakamakon gwajin da aka yi a Kano, ta tura wa wata likita ƙawarta, ƙawar ta haɗa mu da wani asibitin taimako a wata ƙasa. Suka ce za su karɓe ta, sai dai akwai layi, a jira a ba mu rana.

Muna cikin jiran yarinyar ta suma a tsakar gida. Matata ta kira, ba gaisuwa.

"Malam, ka bar komai ka taho."

Fasfona yana hannun kafili, mai kamfanin da ya ɗauko ni, kuma ba a fita ƙasar sai da izininsa. Ya yi tafiya. Na koma zuwa ƙofar gidansa a unguwar Badi'a kullum bayan sallar asuba, in tsaya jikin katanga har rana ta buɗe. Mai gadinsa ya leƙo ya ce bukura, gobe ke nan. Washegari ma bukura. Rannan na riƙe ƙarfen ƙofar ina kuka da ƙarfi kamar yaro, motoci suna wucewa. Sai da injiniya ya je ofis da kansa ya ce ba zai ƙara taka wurin ginin ba sai an sallame ni, sannan aka bugo wa kafili waya, fasfo ya fito.

Da na isa Funtuwa na sami yarinyar a kan tabarma a inuwar ɗaki. Ta daɗe tana kallon gemuna kafin ta yarda ni ne. Da na ɗauke ta na tsorata da rashin nauyinta. Muka yi 'yan makonni tare. Ni nake goya ta zuwa ƙofar gida ta ga yara suna wasa, ni nake ba kazarta tsaba tana nuna mini yadda ake yi. Wata Laraba da hantsi, uwarta tana dama mata kunu, ta jingina da ƙirjina ta ce ta gaji. Ko da aka kawo kunun, ta riga ta cika.

Bayan sadakar bakwai saƙon asibitin ya shigo wayata, sun ba mu rana. Daga Amurka kuwa ba abin da ya zo, ban ma san ko takardar ta kai hannun wani ba.

Na koma Riyad don akwai ƙannenta da za a ciyar. Da na fito daga filin jirgi ina neman motar haya, sai na hango injiniya tsaye shi kaɗai. Ya karɓi jakata ya sa a but ɗin motarsa. Na miƙa hannu ya ba ni makulli, ya ƙi. Ya buɗe mini ƙofar gaba, ya zagaya ya shiga mazaunin direba. Bai san hanyar Al-Ud ba, ni na riƙa nuna masa, nan dama, nan hagu, har muka iso ƙofar gidanmu.