Fatsa a Ruwan Makoki

Aure ne ya kawo Torika wannan gaɓa ta tsibirin Kadavu, kuma dangin miji ba su taɓa bari ta manta ba. Ita da mijinta Waisake suka mallaki ƙananan kwale-kwalen roba masu zaman mutum biyu, suna zagayawa da baƙi tsakanin tsibirai. Da Waisake ya rasu, wansa Apakuki ya kafa sanda a cikin ruwa, ya ɗaura mata ganyen kwakwa. Daga sandar zuwa bakin gari ba mai kama ko kifi ɗaya sai an fita makoki. Wucewa kawai aka yarda da ita.

Torika ta koma aiki da baƙaƙen kayanta na takaba, mutane suna gunaguni. Gidan da take kwana da yashin da take jan kwale-kwalenta duk na dangin Waisake ne. Sau ɗaya Apakuki ya ce mata, "Ki kiyaye ruwan ƙanena." Bai maimaita ba.

Ranar da abin ya faru teku ta kwanta luf, ko ganye ba ya motsi. Baƙi biyu suna gaba a nasu kwale-kwalen, suna leƙen kunkurun teku da ke ɗago kai ya shaƙi iska. Torika tana biye, a bayanta kuma cikin kwale-kwale ɗaya Peniasi ne, ɗan kawunta, abokin wasanta, wanda ya karɓi filafilin mamacin.

"Tuƙa mana, ragon banza," in ji ta. "Ni kaɗai nake jan tumbinka."

"Tumbin ne ya hana mu kifewa, tsohuwa."

Peniasi masunci ne tun yana yaro, irin waɗanda ke sakin fatsa a baya su ɗaura igiyar a babban yatsan ƙafa, hannu ya samu damar tuƙi. Yakan yi haka ba tare da ya sani ba, kamar susa. A can wajen wani tsibiri mai jemagu ya saki fatsarsa da safe. Suka wuce sandar bai tuna ba.

Sai kwale-kwalen ya tsaya cak. Sannan ya fara tafiya da baya.

"Tavale," ya ce da ita ƙasa-ƙasa, kamar yadda suke kiran juna, "kada ki juyo."

"Me ka yi?"

"Kifi ne babba. Zai cire mini yatsa."

A kan dutsen bakin gari Apakuki na zaune yana gyaran raga. Da da iska, da sai a ce igiyar ruwa ce. Amma yau teku kamar faranti take, ana ganin layin da igiyar fatsar ke tsagawa.

"Kwance ta!"

"Ta shige nama. Wuƙar tana wajenki."

Torika ta ajiye filafili. In ta juya da ƙarfi su kife, in ta jira kifin ya yi tsalle gari duka ya gani. Ta zaro wuƙa daga ƙugu, ta kwanta da baya a hankali har ƙeyarta ta taɓa gwiwarsa, ta miƙa hannu tana laluben igiyar a gefe. Ruwa ya fara shigowa ta hagu. Igiyar ta yanke mata tafin hannu kafin ta yanke igiyar.

Kwale-kwalen ya yi tangaɗi ya daidaita. Baƙin suna can suna tafa wa kunkuru.

Da suka iso gaɓa, Apakuki bai ɗago kai daga ragarsa ba.

"Matar ƙanena, jirginki ya koyi tafiya da baya."

"Ya koya, Yaya."

"Da kifi a ciki?"

"Babu. Akwai ƙugiya a bakin wani dai."

Kafin la'asar ta tasa Peniasi gaba, yana ɗingishi, ɗauke da ƙunshin yaqona, saiwar da ake kaiwa neman gafara a garin. Suka zauna a ƙasa bakin ƙofar Apakuki. Apakuki ya daɗe yana kallon ƙunshin kafin ya tafa hannu ya karɓa. Gidan da take kwana ya bar mata. Ruwan kuwa ya ce ko wucewa kada jirginta ya sake yi sai an cire sanda.

Tun daga ranar, kowace safiya sai sun ɗauki kwale-kwalen a kafaɗa, su tsallaka tudun gonakin rogo zuwa ɗaya gaɓar. Peniasi ne ke ɗaukar gefe mai nauyi. Kafin ya shiga jirgi kuma sai ya nuna mata ƙafafunsa biyu, ta ga ba igiya a yatsa.