Taswirar da Kawu Eloy Ya Zana

Kawuna Eloy Archuleta ya fi shekara talatin yana sayar da fetur da kofi a bakin titin da ke gangarawa garin Gallup, nan jihar New Mexico, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi mai nuna hanya ne. A hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifiyata, ƙanwarsa, don haka na san shi ciki da bai. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya jure a ce akwai abin da bai sani ba.

Baƙo ba ya shan mai a wurinsa ya tafi haka nan. Kawu zai yago takardar naɗe gurasa, ya zaro biro daga bayan kunne, ya zana masa hanya har da bishiyar da zai karya kwana a gindinta. "Ruwan da ka ɗauko, ka ninka shi," yakan ce. "In ka hango hadari a kan duwatsu, ko rana na dukanka, kada ka shiga busasshen rafi, ambaliya ba ta sallama. Jajayen duwatsun nan kuma sai da yamma lis, da tsakar rana ba su da kyan gani."

Amininsa ɗaya ne, Harrison Etsitty, makiyayin tumaki ɗan ƙabilar Navajo. Duk Asabar yakan zo ya zauna a benci su yi ta tsiya.

"Kofin nan da baƙin mai ka dafa shi?"

"Sha dai, tsoho. Wanda ya saba da ruwan kwatarniyar tumaki har yana da bakin magana?"

Sai da suka shekara ashirin a haka kafin Harrison ya kai shi wani wuri a ƙasar danginsa. Idon ruwa ne a gindin wani dutse, jikin dutsen cike da zanen mutanen da, barewa da tafin hannu da wasu masu ƙaho. Harrison ya nuna da leɓe, yadda suke yi, ya ce, "Wannan na ido ne, Eloy, ba na biro ba." Kawu ya yi alkawari, ya kuma riƙe shi shekara bakwai.

Ranar da abin ya faru ina wurin. Lokacin kaka ne, na baro gidan mijina na zo taya shi gasa koren barkono. Wani matafiyi mai ƙatuwar kyamara ya karɓi taswirar da Kawu ya zana masa, ya duba, ya yi dariya.

"Baba, duk waɗannan suna cikin littafin da na saya a filin jirgi. Ashe kai ma abin da kowa ya sani ka sani."

Na ga kunnen Kawu ya yi ja. Na ce, "Kawu," da ƙarfi, ya yi kamar bai ji ba. Ya yago sabuwar takarda, ya zana hanyar idon ruwan tsaf, ya miƙa masa yana cewa, "Kai kaɗai, ka ji? Kada ka nuna wa kowa." Har yau in na tuna raina ɓaci yake, da shi da ni kaina, don da na fizge takardar na jefa a garwashi da an huta.

Bazara na zagayowa motoci suka fara tsayawa, mutane na nuna masa hoton taswirar da matafiyin ya yaɗa a waya, da rubutun hannunsa, suna tambaya ko nan ne mahaɗar. Yana cewa bai san wurin ba, suna wucewa abinsu. Kafin shekara biyu an sassaƙa sunaye a kan zanen, an cika ruwan da gwangwani, wani ma ya zo da zarto ya yanke barewar daga jikin dutsen ya tafi da ita. Dangin Harrison suka ja waya suka rufe hanyar. Harrison bai zo ya yi faɗa ba, ya dai daina zuwa.

Kawu ya yi wata takwas yana cewa gobe zai je. Ƙarshe ni na tuƙa shi, da buhun barkono a bayan mota. Harrison ya karɓe mu, ya ba mu kujera, ya zuba mana kofi. Kawu, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya yi ta juya hularsa a hannu, da ƙyar ya ce, "Ni ne, Harrison. Ni na zana."

"Na sani. Na ga rubutunka."

Tumaki na ta kuka a garke. Can Harrison ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Kafin in kai ka sai da na nemi izinin tsohuwata. Ta ce kada in kai baƙo. Na ce mata kai ba baƙo ba ne."

Ya rako mu har mota, ya gode da barkono. Kawu ya ƙara shekara shida a duniya, kuma ba su sake zama a benci ɗaya ba.