Baturen da Maigidana Ya Binne

Ban taɓa ganin kashi na farko na majigin nan ba, har yau da nake tsohuwa. A bakin maigidana na ji shi, kuma na ji shi har na haddace.

'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, muna zaune a Kebbe, ina goyon 'yata ta biyu. Maigidana dillalin shanu ne a kara. Ba shi da garke, ba shi da jari, abin da yake da shi ido ne da baki. Ya dubi sa ya ce lafiyarsa ƙalau, mai saye ya yarda, makiyayi ya miƙa masa igiya. Da wannan yardar muke ci muke sha, kuma kowa a gidan ya san haka.

Wani rani ya je cin kasuwar Tambuwal, ya tarar motar wani kamfani mai tallar sabulu ta kafa allon majigi a fili. Mu majigin da muka sani na gwamnati ne: yadda ake zuba taki, yadda ake yi wa shanu allura, manyan Arewa suna sauka daga jirgi. Duk abin da aka haska mana ya faru da gaske. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa majigi ma yana tatsuniya.

Ya dawo da labari a bakinsa. Wai wani Bature ne ɗan leƙen asiri, mai tabo a gira, aka aike shi cikin abokan gaba ya gano inda suka ɓoye wani mugun makami. Yau ya sa gemu, gobe ya cire, jibi ya fito da kayan kuku. Wata mace mai dogon gashi tana taimakonsa. A ƙarshe ya gama aikinsa, amma aka harbe shi a kan gada. Mutum huɗu suka ɗauke shi a makara, an lulluɓe shi da likkafani, matar tana kuka. Nan maigidana yake sassauta murya ya ce da idonsa ya gani.

Labarin ya karɓu. Bayan sallar isha'i zaurenmu yakan cika, ni kuwa ina bayan zana ina tankaɗe, kunnena yana can. Maza harbin ya dame su da gudun mota. Ni matar ce ta tsaya mini a rai. Matan Turawa suna takaba kuwa? In suna yi, wa ke kai musu abinci? Na tambayi maigidana, ya ce ba a nuna ba. Na ce to ai sun bar mai muhimmancin. Ya ce ni dai da tambaya kamar alƙali.

Bayan kaka ta gaba sai ga motar a Kebbe da kanta. Mai lasifika ya zaga gari yana shela cewa an kawo ci gaban labarin ɗan leƙen asiri, kashi na biyu. Mutane suka taho wurin maigidana, tunda shi ne masani: yaya za a ci gaba da labarin wanda ya mutu? Ya ce ai a fili yake, ƙaninsa ne zai zo ɗaukar fansa. Ya faɗa a zaure, ya faɗa a kara, har a bakin masallaci ya faɗa.

Na nemi izini, ya ba ni. Muka fita bayan magariba da surukata da matan maƙwabta, muka zauna can baya inda mata suke. Injin ya tashi, haske ya faɗa kan allo. Aka gama nuna tallar sabulu, sannan aka nuno wani ɗaki fari fat, da gadon ƙarfe, da mutum kwance an rufe shi da farin ƙyalle. Mutumin ya yaye ƙyallen, ya tashi zaune, aka miƙo masa shayi. Da ya juyo, sai ga tabo a gira. Ban taɓa ganinsa ba, amma na gane shi kamar ɗan unguwarmu.

Wata tsohuwa kusa da ni ta kama salati, ta tattara tabarmarta ta yi gida. Can daga gaba sai muryar taubashin maigidana, wani mai bakin tsiya da ba ya raga masa ko a gidan makoki: "Dillali, ga mamacinka nan ya tashi, shina shan shayi."

Dariya ta ɓarke. Mai lasifika bai taimaka da komai ba, don ina jin shi ma Turancin ya fi ƙarfinsa. Iyakarsa ya ce ga shi nan, ku duba da kyau, sai ya koma kan sabulu.

Gaskiya majigin ya burge ni, duk da zuciyata tana wurin maigidana. An yi dambe a saman jirgin ƙasa yana gudu. An nuno wani gari da ruwa ya zama masa hanya, ana shiga gida da kwalekwale, na yi ta tunanin inda suke shanya hatsi. Abu ɗaya ne ya ba ni haushi. Mai dogon gashin nan da na shekara ina tausayi ba ta fito ba ko sau ɗaya. Wata ce daban, mai guntun gashi, kuma bawan Allah bai ko tambayi lafiyar ta farkon ba.

Washegari garin ba shi da wata magana. A bakin rijiya mata suka goyi bayana, suka ce mutumin ba shi da alkawari, duk jaruntarsa ta banza ce. Surukata ta ce tagwaye ne, har tabon ma gado ne, kuma kada wanda ya ƙara kawo mata zancen ɗanta. Wani mahauci ya ce shi na farkon da ya ji a baki ya fi masa daɗi, na biyun gudu ya yi yawa, tun daga fari har ƙarshe ba wanda ya zauna ya ci abinci kamar mutum. Samari suka ce ba a taɓa kawo abu mai kyau irinsa ba, suka yi ta sanɗa a bayan rumbuna suna harbin juna da karan dawa. Da aka kai wa liman, ya ce wanda ya mutu ba ya dawowa, Bature ne ko baƙar fata, saboda haka ko dai hoton ƙarya ne, ko kuwa mutumin bai mutu ba tun farko.

Wanda ya gama da mu wani ne da ya taɓa dako a Sakkwato. Ya ce wannan ɗakin asibiti ne. A can haka ake ɗaukar majiyyaci, a kan gado mai hannuwa, a rufa masa farin ƙyalle, kuma ba mutuwa ya yi ba. Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma maganarsa ta nuna majigi bai yi ƙarya ba, idon dillali ne ya yi kuskure.

Ranar kasuwa wasa ya fara zama gaske. Aka riƙa cewa wanda bai bambance mai rai da gawa ba, yaya zai gane saniya mai ciwon huhu? Makiyaya biyu da suka daɗe suna kawo masa shanu suka wuce shi, suka miƙa wa wani dillalin igiya. Maigidana ya shigo gida, tuwon ma sai taɓawa ya yi. Na tsorata ƙwarai. Da taubashin ya leƙo neman goro na wanke shi tas, ya ce ai wasa ne na gado. Na ce ya je ya yi wasan da tukunyar gidansu.

Amma ni ma abin yana cina. Mutumin da yake hango ɗingishin saniya tun daga bakin kara, yaya aka yi wannan ya wuce shi? Na so in tambaya, na ga fuskarsa, na haɗiye.

Sai ya ari keke ya bi motar zuwa Tambuwal, don an ce za su sake haska kashi na farko a can. Hanyar ba ta keke ba ce, rabi hawa rabi turi. Da ya dawo da la'asar na kai masa ruwa, ya sha, ya ajiye ƙwaryar.

"Baturen shina numfashi a kan makarar," ya ce. "Ƙyallen na tashi shina sauka. Fuskatai ma a buɗe take, ko yaro ya san ba haka a ka rufe gawa ba."

"To Malam, ina idonka yat tafi wancan karon?"

"Ƙasa. Da nig ga mutum fuɗu sun ɗauko shi da farin ƙyalle, sai nis sadda kai, awa yadda mu ka yi in an wuce da makara. Ban ɗago ba sai da haske yam mutu. Kukan matar kaɗai nij ji."

Sai na tuna. A wancan ranin ba a daɗe da rasuwar mahaifinsa ba, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Duk da haka na ba shi shawara irin ta mai tsoron yunwa. Na ce ya bar wannan a cikin ɗaki. Ya ce injin ne ya yi duhu a daidai wurin, wa zai ƙaryata shi? Dillalin da ya yarda da bakinsa cewa ya ba da shaida kansa yana ƙasa, ai ya gama yawo. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji, ya tashi ya yi alwala.

Mata ba sa zuwa kara, don haka abin da ya faru kasuwa ta gaba a bakin mijin maƙwabciyata ya iso mini. Wai ya tsaya a tsakiyar turaku, inda kowa zai ji, ya faɗi yadda aka yi ba ragi: ya ce ya gani, alhali bai duba ba, kuma ga dalili. Wasu suka ƙara dariya. Makiyayan nan biyu ba su dawo ba, ranar ko bayanta. Taubashin ne, abin mamaki, aka ce bai buɗe baki ba.

Ana cikin haka sai wani dattijon makiyayi daga wajen Fakku, wanda bai taɓa hulɗa da shi ba, ya ratso mutane yana jan wani jan sa. Ya tsaya a gabansa ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ka sadda kai don gawar baƙo, wanda ba danginka ba, ba addininku ɗaya ba?"

Maigidana ya ce shi ne.

"To riƙe," dattijon ya ce, ya miƙa masa igiyar. "Amma wanga shina da rai, ka ɗaga kai ka duba min shi da kyau."

An ce maigidana ya karɓi igiyar. Ya zaga san, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, sannan ya durƙusa ya fara ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya.